Kayen Russell Wilson: Laifin 'Yan Katanga Ne Ko Salon Wasansa?

A watan Fabrairun 2021, 'yan kwanaki bayan Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, Russell Wilson ya fito fili ya shaida wa manema labarai cewa ya gaji da dukan da yake sha a filin wasa. A lokacin ya yi shekara tara yana jan ragamar harin Seattle Seahawks, kuma a cikin shekarun nan an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 394. Ina cikin masu hana idonsu barci saboda gasar NFL, domin manyan wasannin dare na Amurka sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare suke farawa a agogonmu, kuma a wancan lokaci na goyi bayan Wilson ba tare da wani shakku ba. Yanzu ra'ayina ya sauya, kuma abin da ya faru bayan ya bar Seattle ne ya sauya shi.

Saboda waɗanda ba su saba da wannan wasa ba, ya kamata in ɗan share fage. A ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga fiye da tamaula, ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma. Kwatabak, wato matsayin Wilson, shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama, shi ke karanta tsayuwar abokan hamayya, ya zaɓi wanda zai jefa wa. A gabansa akwai ƙarti biyar, kowanne yana kai kilo 140 ko kusa da haka, waɗanda aikinsu shi ne su zame masa katanga. Abokan hamayya kan turo mutum huɗu, wani lokaci biyar ko shida, su keta katangar su cafke shi. Idan suka kai shi ƙasa kafin ya rabu da ƙwallon, wannan shi ne abin da nake kira kaye, kuma kowane kaye yana cinye dama ɗaya tare da mayar da ƙungiya baya da yadi shida ko bakwai. Katanga mai kyau takan ba shi daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku. Duk gardamar da ake tafkawa a kan wannan ɗan lokaci take.

Zan fara da hujjar masu ɗora wa katanga laifi, domin hujja ce mai ƙarfi kuma na daɗe ina kafa ta da bakina. Seattle ta yi sakaci da katangarta a tsakiyar shekarun Wilson. A 2015 ta miƙa Max Unger, ƙwararren ɗan tsakiyar katangarta, ga New Orleans domin ta karɓi Jimmy Graham mai cafe ƙwallo. A 2016 ta bar Russell Okung, ɗan asalin Najeriya da ke tsare gefen hagu, ya tafi. A wannan shekara mutumin da ya ƙare da tsare wa Wilson bayansa shi ne George Fant, wanda ƙwallon kwando ya yi ta bugawa a jami'ar Western Kentucky, bai san ƙwallon Amurka ba sai sama-sama. Gefen hagu kuwa shi ne wurin da kwatabak mai jifa da hannun dama ba ya gani, don haka sanya ɗan koyo a wurin ganganci ne tsagwaronsa. A 2017 lamarin ya kai ga Wilson ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a ƙungiyar, kuma cikin sau 38 da harin Seattle ya kai ƙwallo ƙarshen fili, yana da hannu a 37. Wanda ya kalli wasannin shekarar ya san cewa sau da yawa kafin ƙwallo ta zauna a hannunsa an riga an iso shi.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga 2013 zuwa 2020, shekara takwas a jere, babu shekarar da aka kayar da Wilson ƙasa da sau 41. A cikin wannan tsawon lokaci an sauya 'yan katanga, an kawo Duane Brown daga Houston a 2017, an sallami kocin katanga Tom Cable, an sauya mai tsara hari, amma adadin bai sauka ba, har ma ya haura zuwa 51 a 2018. A kakar 2013, lokacin da Unger da Okung suke ƙungiyar, kakar da Seattle ta ɗauki kofi bayan ta lallasa Denver da 43 da 8, an kayar da shi sau 44. Mutanen da ke gabansa sun yi ta sauyawa, shi ne kaɗai bai sauya ba, kuma kayen ya ci gaba da bin sa.

Dalilin yana cikin salon wasansa, kuma salo ne da ya sa muka ƙaunace shi tun farko. Ina iya tuna wasan Janairun 2016 a Minnesota, cikin wani irin sanyi da numfashin 'yan wasa ke fita kamar hayaƙin murhu. Seattle ba ta ci ko maki ɗaya ba har aka shiga zangon ƙarshe. Aka miƙo wa Wilson ƙwallo bai shirya ba, ta wuce shi ta yi baya. Kwatabak mai bin ƙa'ida faɗa mata zai yi ya rungume, ya karɓi asarar. Wilson ya bi ta da gudu, ya zame a ƙasa ya ɗauka, ya miƙe ya kauce wa masu bin sa, ya hango Tyler Lockett shi kaɗai a tsakiyar fili, ya jefa masa, aka ci yadi 35. Daga nan wasan ya juya, Seattle ta yi nasara da 10 da 9. Mutumin da ya saba fitar da nasara daga irin wannan rami ba zai yarda cewa wata dama ta mutu ba. Zai riƙe ƙwallo daƙiƙa huɗu, biyar, ya juya baya, ya kewaya, yana jiran wani ya kuɓuce can nesa. Idan abin ya yi kyau a nuna shi a talabijin mako guda, idan bai yi ba a rubuta kaye, a zagi ɗan katangar da aka ga ya saki mutuminsa.

A nan ne nake ganin ana zaluntar 'yan katanga. Ɗan katanga ba shi da ido a ƙeya. An koya masa cewa kwatabak zai ja da baya taku kaza ya tsaya a wuri kaza, don haka yakan tura abokin karawarsa ya zagaye ta bayan wannan wuri. Idan kwatabak ya ƙara ja da baya fiye da yadda aka tsara, ko ya fice ta gefe alhali ba a matsa masa ba, to ya kai kansa ne daidai inda aka tura maharin. Mai kallo a gida yana ganin ƙato ya wuce ɗan katanga ya cafke kwatabak, sai ya yanke hukunci, alhali ɗan katangar ya yi aikinsa daidai. Ga kuma doka da ta ba kwatabak mafita: da zarar ya fita daga tsakanin 'yan katangar gefe biyu, yana da damar cilla ƙwallo waje muddin ta kai layin da aka fara damar, ya tsira da jikinsa da yadinsa. Wilson ya fi son ya gwada sa'arsa.

Akwai masu cewa gajartarsa ce ta tilasta masa haka, tunda tsayinsa santimita 180 ne kawai, 'yan katangarsa kuma sun fi shi da kusan taƙi guda, saboda haka ba ya ganin tsakiyar fili sai ya fita gefe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma Drew Brees na New Orleans da kaɗan ya fi shi tsayi, kuma a 2018 sau 17 kacal aka kayar da shi. Brees yakan san inda ƙwallo za ta tafi tun kafin a miƙo masa ita, yana matsawa taku ɗaya ko biyu ya sami kafa tsakanin kafaɗun ƙartin da ke gabansa, ya saki.

Hanya mafi adalci ta auna wannan al'amari ita ce a bar katanga a inda take a sauya mutumin da ke bayanta, kuma tarihin gasar ya yi mana wannan gwaji sau da dama. A 2011 an kayar da Tim Tebow na Denver sau 33 duk da cewa jifa 271 kawai ya yi. A shekarar da ta biyo baya Peyton Manning ya zo ƙungiyar yana da shekara 36, bayan tiyatar wuya, ba ya iya tsere wa kowa, ya yi jifa 583, aka kayar da shi sau 21. A Tampa Bay an kayar da Jameis Winston sau 47 a 2019, Tom Brady ya gaje shi a 2020 yana da shekara 43 aka kayar da shi sau 21, kodayake adalci ne a ambaci cewa ƙungiyar ta ƙaro Tristan Wirfs a gefen dama a wannan shekara. Abin da ya ba ni mamaki lokacin da na fara lura da wannan shi ne cewa tsofaffin da ba sa gudu sun fi matasa masu sauri tsira daga kaye.

Kada a fahimce ni da cewa katanga ba ta da laifi ko kaɗan. David Carr, wanda Houston Texans ta zaɓa na farko a 2002 a shekararta ta farko a gasar, an kayar da shi sau 76 a kakarsa ta farko, adadin da har yau ba a kai ba. Tony Boselli da aka ɗauko domin ya tsare masa gefen hagu bai buga wa ƙungiyar ko wasa ɗaya ba saboda ciwon kafaɗa. Yaron da ya fara sana'a da irin wannan duka dole idonsa ya koma kan masu zuwa kama shi maimakon masu jiran jifarsa, kuma daga nan ba a iya rarrabe laifin katanga da mummunar ɗabi'ar da katangar ta koya masa. Haka kuma a Super Bowl na Fabrairun 2021, Patrick Mahomes ya shiga fili babu Eric Fisher babu Mitchell Schwartz, masu tsare masa gefe biyu, Tampa Bay ta yi ta farautarsa daga farko har ƙarshe, Kansas City ta sha kashi da 31 da 9 ba tare da ta kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba. Wannan laifin katanga ne ƙarara. Sai dai a lura cewa a duk wannan daren sau uku kawai aka kayar da Mahomes. Rushewar katanga tana bayyana ne a saurin da matsi ke isowa, amma ko matsin zai zama kaye ko ba zai zama ba, wannan galibi yana hannun mai riƙe da ƙwallo.

Shi ya sa idan aka tambaye ni yadda za a gane mai laifi, nakan ce a daina kallon adadi, a riƙa ƙirga daƙiƙa. Idan aka miƙa ƙwallo, kafin ka ce ɗaya, biyu, an riga an dira a kan kwatabak, to a tuhumi katanga ko kocin da ya tsara ta. Idan ka ƙirga uku ka shiga huɗu yana nan yana lalube, to a duba ko masu cafe ƙwallo ne suka kasa kuɓucewa, ko tsarin koci ne ba shi da gajeriyar mafita, ko kuwa akwai mutum a buɗe a yadi biyar amma kwatabak ya raina shi yana hangen yadi arba'in. A kayen Wilson da na sake kallo, wannan na ƙarshe ya yi yawa ƙwarai.

A watan Maris na 2022 Seattle ta miƙa shi ga Denver, daga baya ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 245, aka ce yanzu za a ga abin da Seattle ta hana shi yi. A kakarsa ta farko an kayar da shi sau 55, ƙungiyar ta ci wasa 5 ta faɗi 12, aka kori koci Nathaniel Hackett kafin kaka ta ƙare. Masu kare shi sun sami abin faɗi, domin Garett Bolles mai tsare gefen hagu ya karye a ƙafa tun watan Oktoba. Sai aka kawo Sean Payton, mutumin da ya yi shekaru yana horar da Brees, aka kashe maƙudan kuɗi aka ɗauko Mike McGlinchey da Ben Powers domin gyara katanga, Bolles ya warke ya dawo. A wasa 15 na 2023 an kayar da Wilson sau 45. Abin da ya bambanta wannan da zamanin Seattle shi ne shekarunsa sun kai 35, ƙafafun da suke fitar da shi daga rami sun yi sanyi, don haka riƙon ƙwallon yana nan, kayen yana nan, amma abin al'ajabin da ke biyan diyyarsu ya ragu sosai. Payton ya ajiye shi a benci a wasanni biyun ƙarshe, kuma a Maris na 2024 Denver ta sallame shi, ta yarda ta ɗauki nauyin dala miliyan 85 a kasafinta a kan ɗan wasan da ba ya buga mata.

Wanda ya gaje shi shi ne Bo Nix, sabon shiga daga jami'ar Oregon. Ya tsaya bayan Bolles da Powers da Quinn Meinerz da McGlinchey, huɗu daga cikin mutum biyar ɗin da suka tsare Wilson a 2023, ƙarƙashin koci ɗaya. Ya buga wasa 17, aka kayar da shi sau 24, kuma Denver ta shiga zagayen fitar da gwani a karon farko tun kakar 2015. A wannan kaka ta 2024 Wilson yana Pittsburgh, bayan wata katanga dabam, ƙarƙashin wani koci dabam, inda ya buga wasa 11 aka kayar da shi sau 33.