Wai karatun daji ba karatu ba ne

Wallahi tun jiya abin nan yake cina. Yarinya ta samu admishan a fannin muhalli da namun daji, maimakon a ce mata barka, sai kawunta ya buɗe baki gaban jama'a wai "duk wahalar JAMB ɗin nan ashe gadin giwa za ki je yi a Yankari?" Aka bushe da dariya. To sannu Kawu, farfesan gari.

Ni tambayata ɗaya, su waye a ajin nan? Ku je ku ƙirga. Ina yaron ruga da tun yana shekara bakwai ya san ciyawar da ke kumbura cikin saniya? Ina ɗan manomin Alkaleri da giwa ke shiga gonarsu ta cinye dawa a dare ɗaya? Ina Basayi, ina Bajari, ina 'yan Tangale da Waja da Tera? Su suka san dajin, amma mun kore su da baki, kowa sai likita ko lauya, sannan mu dawo muna ƙorafi wai baƙi ne ke rubuta bincike a kan dajinmu. To da wa zai rubuta? Tun 1956 aka keɓe Yankari fa.

Kar wani ya zo min da zancen babu aiki. Mai digirin lauya ma ga shi nan yana sayar da data. Kwazazzabai na cin gidaje a Gombe, hamada na matsowa ta wajen Katagum, ai aikin kenan, masu yinsa ne babu.

A Amurka ma baƙaƙen fata sai da suka ware mako guda a 2020 don nuna cewa su ma suna kallon tsuntsaye suna nazarinsu. Wangari Maathai ta Kenya da dashen itace ta ci Nobel a 2004. Allah ya sa ba ta da kawu irin wannan.

Ƙanwata, in kin ga wannan, ki je ki yi rajistarki, ki riƙe Fulatancinki da kyau, ranar da za ki zauna da makiyaya kan maganar burtali shi zai yi miki rana.

Af, wai har yanzu gwaggon biran nan na ƙwacen abinci a bakin Wikki, ruwan ɗumin nan na cikin Yankari? Lokacin da makaranta ta kai mu wani ya gudu da burodina, da ledar da komai.