Bikin mutuwa ne ke riƙe da harshen Toraja

Duk Bahaushen da ya ji yadda Toraja, wata ƙabila ta ƙasar Indunusiya, ke jana'iza, abin da zai fara cewa shi ne almubazzaranci. Ni ma da nake zaune a Makassar, a kudancin tsibirin Sulawesi na Indunusiya, ban ce a'a ba. Mu da ake rasuwa da hantsi, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, ina mu ina ajiye gawa a gida wata da watanni, wani sa'in har shekaru, ana tara kuɗin ɓauna da aladun da za a yanka?

Sai dai wannan bikin, da suke kira Rambu Solo', shi ne ke riƙe musu da harshe, kuma a nan na ga sun fi mu.

Masu jin harshensu, Toraja-Sa'dan, ba su kai miliyan ɗaya ba. Ƙasarsu ta kan duwatsu ce, wajen garuruwan Makale da Rantepao na Sulawesi, inda kogin Sa'dan ya ratsa. Neman abinci ya watsa su Makassar, Kalimantan, Papua, har Maleshiya, 'ya'yansu kuwa yaren Indunusiya suke yi a makaranta da kan titi. Amma da an sa ranar binne kaka, ba mai cewa aiki ya riƙe shi. Za ka ga motocin dare sun cika maƙil, a kwana ana tafiya, gari na wayewa ana Rantepao. Can a gaban tongkonan, gidan kakanni mai rufi kamar kwalekwale, za a yi kwanaki ana karɓar baƙi, ana shelar wanda ya kawo ɓauna da dangantakarsa da mamacin. Mutane su yi da'ira riƙe da hannun juna suna rera ma'badong, waƙar makoki mai ba da tarihin marigayin. Yaron da ya tashi a birni, ko bai gane rabinta ba, ta shiga kunnensa.

Coci ma ya taimaka, don yawancinsu Kirista ne, kuma tun 1960 suke da Littafi Mai Tsarki a harshensu, aikin wani masani ɗan Holan, van der Veen.

Mu fa? Yawa ya sa mun miƙe ƙafa. Hausa na da kasuwa, tana da Kannywood, BBC na magana da ita tun 1957, ko a zangon Kumasi ba a rasa ta. Amma ɗan Bahaushen da aka haifa a nan, ko a Landan, me zai tilasta masa zuwa gida ya zauna cikin dangi? Ta'aziyya a waya ake yi yanzu, sadakar uku a tura kuɗi. Na san yaran da aka gaishe su da "ina kwana" suka juya suna kallon babansu ya amsa musu.