A Gombe muke, ba Kalifoniya ba

Wai me ke hana masu gyaran kwamfuta a Gombe saita lokaci ne? Ka kai a sa maka sabuwar Windows, a miƙo maka ita tana bin agogon yammacin Amurka. Ana kiran azahar, ita tana cewa asuba ce! Tazarar awa 9 ce fa, wani lokaci 8.

Abin haushin, wasu sai su murɗa agogon da hannu, su bar yankin lokaci, wato time zone, yadda yake. Kana hawa intanet ta koma gidan jiya, imel duk su zo da lokacin ƙarya. Alhali aikin bai kai minti ɗaya ba: a shiga saitin lokaci, a zaɓi UTC+01:00, West Central Africa. In kwamfutar Linux ke kanta ba Windows ba, sai a zaɓi Africa/Lagos. Haba malam, kuɗin aiki fa ka karɓa!