Bututun wayar lantarki ba a cika shi maƙil

Akwai wata magana da ake yawan ji daga bakin masu aikin wayarin idan ana jan waya a cikin bututu, wato "ai ta shiga". A ganina wannan magana ce tushen matsaloli da dama da ke ɓoye a cikin bango, domin shigar waya cikin bututu ba ta nuna cewa bututun ya dace da ita. Idan mutum biyu suka haɗu, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja da iyakar ƙarfinsa, waya za ta shiga ko da bututun ya yi mata kaɗan, sai dai ba wanda zai ga halin da robar jikinta ta shiga a kan hanya.

Kundin ƙa'idojin wayarin na Amurka, wanda ake kira NEC, ya yanke cewa idan waya ɗaya ce a cikin bututu, kada ta cinye fiye da kashi 53 cikin 100 na filin cikinsa. Idan biyu ne, kashi 31. Idan sun haura biyu, kashi 40. Ma'ana, a yawancin aiki fiye da rabin cikin bututun ya kamata ya zauna fayau. Na san masu gini da yawa suna ɗaukar wannan fili a matsayin asara, amma shi ne ke ba waya damar zamewa ba tare da ta goge jikinta ba. Wani zai yi mamakin yadda aka fi tsananta wa waya biyu fiye da uku. Dalilin shi ne waya biyu gefe da gefe suke kwanciya, kaurinsu a haɗe yana tokare faɗin bututun tun kafin su ci wani fili na a zo a gani.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen lissafin kansa, kuma a nan nake so a tsaya a duba da kyau. Idan aka ce waya mai lamba 2.5, wannan adadi girman jan ƙarfen da ke cikinta kawai yake nufi, a ma'aunin murabba'in milimita, ban da robar da ta lulluɓe shi. Haka kuma idan aka ce bututu mai milimita 20, faɗinsa na waje ake nufi, na cikinsa bai kai haka ba. A ɗauki misali: a ce cikin bututun milimita 17 ne, filinsa zai kama kusan murabba'in milimita 227, kashi 40 na wannan kuwa kusan 90 ne. Idan kaurin wayar da robarta milimita 4 ne, kowace ɗaya tana cin kusan 12.6, ke nan guda 7 ne iyakar abin da bututun zai ɗauka. Wanda ya raba 90 da 2.5 zai samu 36, ya ɗauka yana da sarari mai yawa, alhali kuwa ya ninka gaskiya sau biyar. Wayar da ake haɗawa da ƙasa ita ma tana cikin lissafin, domin ko ba ta ɗauke da wuta a kullum, tana cin wuri kamar sauran.

Sai batun kwana, wato inda bututu ya lanƙwasa. Kundin NEC bai yarda jimillar lanƙwasar da ke tsakanin akwatin da ake jan waya ta cikinsa da mai bi masa ta wuce digiri 360 ba, wato kwana huɗu cikakku, saboda kowace kwana tana ƙara nauyin ja. A Birtaniya, masu bin ƙa'idar BS 7671 suna amfani da jadawalin da ke rage yawan wayar da bututu zai ɗauka gwargwadon tsawonsa da yawan kwanarsa. Akwai ma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: idan waya uku masu kauri ɗaya ne, faɗin cikin bututun kuma ya yi kusan ninkin kaurinsu sau uku, suna iya jeruwa a layi ɗaya a daidai kwana su cije, ko gaba ko baya. A irin wannan lokaci ne ake ƙara ƙarfi, bakin bututu ya fere roba, jan ƙarfe ya fito tsirara a wurin da ido ba ya kai wa.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumi, kuma robar PVC da aka saba lulluɓe ta da ita an yi ta ne don ta jure digiri 70 a ma'aunin Salsiyos. Idan wayoyi suka cunkushe, kowace tana gasa 'yar'uwarta. Shi ya sa NEC ya ce idan wayoyi masu ɗauke da wuta sun kai 4 zuwa 6 a bututu ɗaya, a ɗauki ƙarfin kowace a kan kashi 80 cikin 100, idan 7 zuwa 9 ne kashi 70, idan 10 zuwa 20 ne rabi. Wayar da za ta ɗauki amfiya 20 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke wucewa ne) ta koma 14 ke nan idan tana cikin guda takwas. Na'urar katse wuta ba ta san da wannan ba, ita yawan wutar da ke wucewa take aunawa, don haka za ta bar robar tana bushewa tana tsagewa shekara da shekaru. Ƙara girman bututu kaɗai ba ya ɗage wannan ragi. Ko dai a raba layukan zuwa bututu biyu, ko a ƙara kaurin wayar, wanda shi kuma zai sa a sake lissafin bututun daga farko.

Ban yarda da uzurin tsimin kuɗi ba a wannan wuri. Bututu yana cikin mafi arha a kayan wayarin, amma da zarar an zuba kankare ko an yi filasta, canza shi sai an fasa gini. Saboda haka mai gida yana da haƙƙin ya tambayi ma'aikacinsa, tun bango yana buɗe, waya nawa za ta bi ta kowane bututu, mai wane kauri, kuma kwana nawa ke kan hanyarta. Idan akwai niyyar sa na'urar sanyaya ɗaki ko ta dafa ruwa nan gaba, a faɗa masa tun yanzu, ya binne bututu na daban da wayar da za a ja sabbin wayoyi da ita a cikinsa.