Dalilin Saɓanin Alƙaluman Ɓarnar Dajin Amazon

Wani labari da na karanta ya nuna cewa alƙaluman gwamnatin Brazil kan ɓarnar dajin Amazon sun yi ƙasa da na masu bincike masu zaman kansu, har ya bar mai karatu da zargin cewa wani ɓangare yana ɓoye gaskiya. A ganina, yawancin saɓanin ya samo asali ne daga abin da kowane ɓangare yake ƙirgawa.

Tsarin PRODES na hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil, wato INPE, wanda yake aiki tun 1988, yana amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen lissafa wuraren da aka share tsohon daji kakaf ne kawai, kuma bisa al'adarsa ba ya saka filin da bai kai hekta 6.25 ba, sannan shekararsa tana tashi daga Agusta zuwa Yuli. Su kuwa alƙaluman masu bincike na Jami'ar Maryland ta Amurka, waɗanda dandalin sa ido kan dazukan duniya na Global Forest Watch ke wallafawa, duk inda itatuwa suka ɓace suna shigar da shi, ko gobara ce ta cinye su, ko gonar katako aka sare, ko kurmin da ya sake tsirowa ne aka share. Shi ya sa a 2016, lokacin da gobara ta yi ta'adi, tazarar ta yi faɗi ƙwarai. Gajimare ma yakan hana tauraron ɗan Adam ganin ƙasa.

Siyasa tana shigowa, babu shakka. A 2019 shugaban Brazil na lokacin, Jair Bolsonaro, ya ƙaryata alƙaluman INPE, aka kuma sauke shugaban hukumar, Ricardo Galvão. Abin da ya fi damuna shi ne dajin da masu katako da wuta suka raunana amma bai faɗi gaba ɗaya ba, domin PRODES ba ya ƙirga shi, alhali ya riga ya fara rasa danshinsa da halittun da ke cikinsa.