Ranar da dutsen Tanjabur ya gasa min tafin ƙafa

Na raka Kawu asibiti a Cennai, aka yi masa aiki lafiya, likita ya ce sai ya ƙara kwana huɗu a gado. Zaman jinya ya ishe ni, na hau jirgin ƙasa zuwa Tanjabur in ga haikalin nan na Birihadishwara da Indiyawa ke ta kurantawa.

Kuma ba su yi ƙarya ba. Sarki Rajaraja na ɗaya, na daular Cola, ya kammala shi a 1010 don bautar Shiba, ɗaya daga manyan allolin addinin Hindu. Ginin kacokan na dutse ne, irin mai taurin nan da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, alhali babu irinsa kusa da garin, daga nesa aka jawo shi. Hasumiyar ta kai kimanin mita 60, tana tsukewa hawa-hawa har ƙololuwa, inda aka ɗora wani dutse da ake cewa ya kai tan 80. Sai da na dafe hula kafin na iya kallon samanta.

A bakin ƙofa aka ce a cire takalmi. Mai tsaron takalma ya miƙo min 'yar lamba, ya nuna min wata doguwar tabarma da aka shimfiɗa a farfajiyar, wai kada in sauka daga kanta. Tsakar rana ce, watan Afrilu. Na yi masa murmushin raini. Ni ɗan Sakkwato za a koya wa zafi?

Na sauka don in ɗauki hoto. Taku biyar na farko da izza na yi su. A na shida na ji kamar na taka kaskon masa. Sai ga ni da babbar riga ina rawar da ko ranar aurena ban yi ba, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, 'yan makaranta sun zagaye ni da wayoyi.

A nan wani ɗan jagora ya biyo ni, daga kan tabarma, yana alfahari: "Yallaɓai, an ce hasumiyar nan ba ta yin inuwa da tsakar rana!" Na ce a raina, sarki ya iya kai tan 80 sama, amma ya kasa bar wa baƙo inuwa?

Da gudu na faɗa rumfar Nandi, ƙaton bijimin da aka sassaƙa daga dutse guda, tsawonsa daga kai zuwa wutsiya kusan mita 6. Yana kwance abinsa a inuwa, ni ina fifita ƙafa da hula. Wata tsohuwa ta tsiyaya min ruwan gorarta a ƙafa, dariya har da hawaye.

Lambar takalmin kuwa ta faɗi a wajen rawa. Sai da na kwatanta takalmina da hannu da ka kafin aka ba ni.

Washegari na shiga ɗakin Kawu ina ɗingishi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya matsa gefen gado.

"Zo ka kwanta, ɗan jinya. Bari in kira maka nas."