Taya mai manyan haƙora ba ita ce ta damina ba

Direbobi da yawa suna ɗauka cewa da zarar damina ta faɗi, sai a sa wa a-kori-kura taya mai manyan haƙora, shi ke nan an tsira. Ba haka ba ne. Irin wannan taya don taɓo aka yi ta: gibin da ke tsakanin haƙoranta shi ke watsar da laka. Amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, ga ƙarancin 'yan siraran tsagar nan masu share ruwa, don haka birki kan yi jinkirin kamawa, musamman in bayan mota ba kaya. Ga kuma ƙugi da shan mai.

A hanyar burji kuwa, tsakuwa mai kaifi ce matsalar, tana yanka gefen taya. Wanda ke haɗa burji da kwalta, gara ya nemi taya mai rubutun A/T, wato wadda aka yi don kowace irin hanya, mai ƙarfin gefe, wadda lambar nauyin da aka rubuta a jikinta ta dace da nauyin lodinsa. Kuma kada a bari mai faci ya cika iska fiye da ƙima. Taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa.